Ɗan Tsakon da Ke Kan Akwatin Mang Doroy

A birnin Santa Rufina mutum ba ya mutuwa shi kaɗai, sai Magajin Gari ya sa masa hannu. Kafin gawa ta huce, motar ofishinsa ta iso ƙofar gida da rumfar tamfol, da kujerun roba talatin, da farin akwatin gawa mai murfin gilashi, kowanne an buga masa harufa biyu, E.L., wato Eleuterio Lacsamana. Fuskarsa a jikin rumfar ta kai faɗin ƙofar shago, yana ta murmushi da haƙoran da wani likita a Manila ya jera masa. Ko kana so ko ba ka so, a ƙarƙashin wannan murmushin za ka yi kukan mamacinka. Haka aka yi wa Aling Pering ranar Juma'ar da aka tsamo mijinta, Mang Doroy, daga cikin rami.

Shekara ashirin da shida Mang Doroy ya yi yana zagaya unguwanni da bokiti biyu rataye a sanda, yana tallar taho, awarar nan mai laushi da ake zuba wa ruwan sukari. Babu kwanar da ƙafarsa ba ta sani ba a garin. Abin da bai sani ba shi ne wayon da aka yi a titin kasuwa. Akwai wani aikin kwalbati a wurin da Magajin Gari ya yanke wa ƙyalle har sau biyu, sau ɗaya a kowane wa'adi, ba a taɓa gamawa ba. Yanzu da yake neman wa'adi na uku, za a zo da masu ɗaukar hoto, sai wani mai basira a ofishinsa ya sa aka shimfiɗa siririn falanki a bakin ramin, aka rufa da tsohon tamfol na kamfe, aka watsa yashi a kai. Hoto ya yi kyau ƙwarai. Kwana huɗu bayan nan ruwan farko na watan Mayu ya sauko da hantsi, ya shafe titin, Mang Doroy ya zo da bokitansa ya taka.

Takardar 'yan sanda ta ce a buge yake.

Wannan kalmar ce ta hana Aling Pering cin abinci. Mutuwa kam ta yarda da ita, kowa zai je. Amma a ce Doroy ya sha giya? Mutumin da ya ajiye kwalba tun ranar da aka yi wa 'yarsu Marivic baftisma, shekara ashirin da huɗu ke nan, wanda maza ke yi wa dariya a wurin biki don yana zuwa da shayin cittarsa a gora? Kuma 'yar tana hanya daga Kuwait inda take aikatau, ita ake jira kafin a binne shi. Za ta sauka ta tarar an rubuta wa ubanta mashayi a takardar hukuma, ta ji 'yan unguwa suna faɗa ƙasa-ƙasa cewa ai ba a sanin halin namiji.

Washegari da safe Aling Pering ta ɗaura baƙin ɗankwali ta tafi kasuwa, ta bi ta gefen ramin da yanzu aka zagaye da igiya, ta sayo ɗan tsako guda ɗaya. Ta dawo ta ɗora shi a kan gilashin akwatin, daidai ƙirjin mijinta, ta barbaɗa masa tsakin shinkafa. Masu karta da ke taya zaman makoki a ƙarƙashin rumfa suka tsaya da rabo. Babu wanda ya tambaye ta ma'ana, don ko yaron goye a Santa Rufina ya san ba a ɗora tsako sai a kan wanda aka kashe, kuma duk ƙwayar da ya tsinta, zuciyar wanda ya yi kisan yake caccaka. Tsakon ya hau aikinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a kan gilashi, ɗan taƙi kaɗan daga harufan E.L.

Kafin azahar mai unguwa ya iso, Kapitan Nestor, sanye da rigar kamfen Magajin Gari ruwan lemo wadda ta kama masa tumbi. Shi ne uban baftismar Marivic, kuma tun da aka zaɓe shi bai ƙara taka gidan ba sai yau. Ya tsaya gaban akwatin ya yi alamar gicciye da sauri kamar mai korar ƙuda, ya jawo kujera kusa da ita.

"Sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan ɗan'uwana." Ya ɗan yi tari. "Wannan abin fa?"

"Wane abu?"

"Haba, Pering. Kazar nan."

"Tsako ne, Kapitan. Sai ya girma yake zama kaza. Na ɗauka a ofis ana koya muku irin wannan."

Ya share zufa. Ya ce ita ma ta san saura kwana tara zaɓe. Ya ce mutane suna wucewa suna ɗaukar hoto da waya. Ya ce Magajin Gari mutum ne mai tausayi, shi ya sa ko a kwance take ta ɗaga ido za ta ga alherinsa, rumfa tasa, kujeru nasa, akwatin da Doroy ke ciki ma nasa. Bai kamata a saka wa mutum da irin wannan ba.

"Ramin ma nasa ne," in ji ta. "Ka manta ba ka lissafa da shi ba."

Kapitan ya miƙe, fuska ta yi jawur. "To shi ke nan. In ba ki sauke shi ba, yau za a kwashe rumfar da kujerun. Ki zaunar da baƙinki a rana."

Daga kusurwar ɗaki aka ji wata dariya mai kama da tari. Lola Sabel ce, tsohuwar da ke jan addu'a a duk zaman makokin unguwar, wadda ta binne mutanen da suka fi Kapitan tumbi. Ba ta ko ɗago daga carbinta ba.

"Kwashe mana, ɗan nan. Wa zai ɗauka? Kai? Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin an fitar da ko biskit ɗaya daga gidan makoki kafin a binne gawa? Ɗauki kujera guda ka gani, in Doroy bai bi ka har gadonka ba ka canja mini suna."

Ya yi tsaki ya fita. Da la'asar motar ofis ta zo da ma'aikata huɗu. Suka sauko, suka leƙa akwatin, suka ga tsako, suka kalli juna. Aka ba su kofi suka sha a tsaye. Babbansu ya ce bayansa na ciwo, na biyu ya ce bai zo da sifana ba, sauran biyun ba su ma nemi dalili ba. Suka hau mota suka koma yadda suka zo.

Labari ya zaga gari. Ranar Talata sai ga Mataimakiyar Magajin Gari, Dolores Yap, wadda ke takara da shi. 'Yar ƙanwar babansa ce, tare suka ci wa'adi biyu, a hoton yanke ƙyallen kwalbatin ma ita ce ke riƙe da ɗaya bakin ƙyallen. Watanni uku da suka wuce ne ta gano cewa ɗan'uwanta azzalumi ne. Ta sauko daga mota da baƙin tabarau, bayanta wani ƙato na ɗauke da kwali mai huji-huji, 'yan tsaki arba'in na kuka a ciki.

Aling Pering ta tare su a bakin ƙofa.

"Mama, na zo in tsaya tare da ke," in ji Dolores, tana gyara tsayuwa don mai kyamara. "Tsako ɗaya ya yi wa wannan zalunci kaɗan. Mu cika akwatin da su, duniya ta gani."

"Hajarki ta yi yawa, ranki ya daɗe. Mijina ne a ciki, ba akurki ba." Ta dubi kwalin. "Kada ki tsallako da su, in sun shigo ba sa fita. Ki tafi da abinki gida. In kin ji suna caccakar zuciyarki, ki tuna wa ya riƙe ƙyalle."

Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Mataimakiya ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma mota, aka bi ta da kwalin.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Motocin kamfe na wucewa da lasifika, waƙar Lacsamana na bin waƙar Yap, duk kiɗa ɗaya ne sai sunan da aka canja. Maƙwabta da suke zuwa da safe su yi kuka a kafaɗar Aling Pering, su ne da rana za ta hango su a bayan babur mai ƙafa uku da riga ruwan lemo, suna tafiya karɓar shinkafa a filin taro. Ta raina su har cikin ranta, kuma ta san ranar Litinin Magajin Gari za su dangwala wa. Ita ba faɗuwarsa take nema ba. Ya ci zaɓe har ya gaji, ya bar wa matarsa kujerar, matar ta bar wa ɗansu, su ta shafa. Kalma ɗaya take so a goge daga kan mijinta.

Tsakon kuwa ya fara fitar da gashin fiffike. Kullum da safe sai ta goge kashinsa daga gilashin, ta ƙara masa tsaki.

Marivic ta sauka ranar Alhamis. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta ja uwarta kicin ta tambaye ta a hankali, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Ya koma sha ne bayan tafiyata?" Ashe har 'yar cikinsa takardar ta kama.

Ranar Juma'a Kapitan Nestor ya dawo, wannan karon da murya mai taushi da ledar burodi. Ya ce hoton tsakon ya kai har gidan talabijin na lardi. Ya ce Magajin Gari da kansa zai zo gobe Asabar, ranar rufe kamfe, amma ba zai tsaya gaban akwati da wannan abu a kai ba. Me take so?

"Ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a, cewa ramin nasa ne, kuma Doroy ba mashayi ba ne."

"Na farkon ki manta da shi, ko Fadan coci ne ya roƙe shi ba zai faɗa ba. Na biyun..." Ya sosa ƙeya. "In ya faɗa, za ki sauke?"

Ta dubi 'yarta da ke wanke kofuna a tsakar gida. "In ya faɗa, da hannuna zan sauke shi."

Asabar da hantsi titin ya cika. Jiniya ta fara isowa, sai masu ganga, sai farar mota mai baƙin gilashi. Aka kashe waƙar kamfe daidai kwanar gidan, don Magajin Gari ya san ya kamata. A wannan fanni kam babu na biyunsa. An ce ya halarci zaman makoki sama da dubu goma a shekara shida, yana da hankici na musamman a aljihun hagu don hawaye, da wani a aljihun dama don zufa. Yana da ma'aikaci guda, siriri mai littafi a hannu, wanda ba shi da aiki sai raɗa masa sunan mamaci a bakin ƙofa.

Ya shigo cikin farar riga mai aiki a ƙirji, sai ƙamshin turare. A fili ya fi hotonsa gajarta. Ya kama hannun Aling Pering da hannu biyu, ya kira ta Mama, ko da yake ya girme ta da shekara goma. Ya rungume Marivic. Ya sumbaci hannun Lola Sabel, ita kuwa ta goge a zaninta. Sannan ya juya wa akwatin baya yadda kafaɗarsa za ta kare tsakon daga kyamara, ya zaro hankicin hagu.

"Jama'ar Santa Rufina," ya fara, muryarsa na rawa daidai inda ya kamata, "yau ban zo a matsayin Magajin Gari ba. Na zo ne a matsayin wanda ya rasa aboki. Mang Doroy! Kullum da safe muryarsa ke tashina. Ban taɓa karyawa ba sai da tahonsa."

Aling Pering ta tuna ranar da masu gadin unguwar manya, inda gidan Magajin Gari yake, suka koro Doroy da kare, ya dawo da wando a yage.

"Na ji wasu marasa tsoron Allah sun ce wai ya sha giya. Ƙarya ne! Mang Doroy bai taɓa sha ba! Ni shaida ne! Wanda ya rubuta wannan takarda, ranar Talata zai gamu da ni a ofis. Za a yaga ta, a rubuta sabuwa. Kuma da zarar kun mayar da ni, kwalbatin nan za a gama ta, a sa mata sunan Mang Doroy!"

Sai tafi. A gidan makoki, gawa na kwance, 'yan unguwa suka ɓarke da tafi kamar an ci ƙwallo. Wata maƙwabciya da jiya ta gama cewa ba a sanin halin namiji, yanzu ita ce ke share hawaye tana cewa dama ita ta sani. Marivic ta riƙe hannun uwarta tana kuka, kukan wadda aka sauke wa kaya.

Aling Pering kuwa takaici ne ya cika ta. Abin da ta yi kwana takwas tana jira, ba ci ba barci, mutumin nan ya tofar da shi kamar ƙwallon mangwaro. Da ta ce ya rantse Doroy bishop ne, da ya rantse. Kuma ga shi an yarda. Shekara ashirin da huɗu na shayin citta ba su ishe su shaida ba, sai da maƙaryaci ya buɗe baki. Amma an faɗa, 'yarta ta ji, kyamara ta ɗauka. Saura nata alkawarin.

Kapitan Nestor yana ta yi mata ido. Ta matsa jikin akwatin, ta sa hannu biyu ta ɗauke tsakon daga kan gilashi. Ɗakin ya yi ajiyar zuciya. Magajin Gari ya juyo da cikakken murmushin rumfa, ya miƙo hannuwa don ya sake kama nata, mai kyamara ya durƙusa don ya samu hoton sulhu.

Ta saka masa tsakon a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ranka ya daɗe, ka ba mu rumfa, ka ba mu kujeru, ka ba mu akwati. Ni matar mai talla ce, ba ni da abin da zan saka maka da shi sai wannan. Tun da abokinka ne, ka tafi da shi gida."

Sauran tafin da ake yi ya mutu. Har masu ganga a waje suka yi shiru ba tare da sun san dalili ba.

Murmushin bai bar fuskarsa ba, don ya saba zama a wurin, amma idanunsa suka fara yawo. Shi ma a garin nan aka haife shi. Mutumin da ba ya komawa gida kai tsaye daga makoki sai ya tsaya a wani shago ya karkaɗe rigarsa, don kada mamaci ya bi shi, yau ga shi riƙe da abin da ya kwana bakwai a ƙirjin gawa. Ya juya wajen siririn ma'aikacinsa. Ma'aikacin ya rungume littafinsa da hannu biyu, ya duƙufa karatu. Ya miƙa wa Kapitan Nestor, Kapitan ya tuna igiyar takalminsa ta kwance, alhali silifa ne a ƙafarsa. Ƙaton mai tsaronsa, wanda aka ce ya taɓa tare masa wuƙa da ƙirji, ya zuba hannuwa a baya yana nazarin kwanon rufi.

Magajin Gari ya dubi akwatin. In ya mayar da shi kan gilashi, da hannunsa ya ɗora wa kansa. Ya dubi ƙasa, ya dubi kyamarori uku da wayoyi sun fi hamsin. Wa zai yar da kyautar gwauruwa ana saura kwana biyu zaɓe?

"A kula da shi, ɗan nan," in ji Lola Sabel daga kusurwarta. "Tsakin shinkafa yake ci. Da asuba yake farawa."

Magajin Gari ya ce ya gode. Muryar ta fito siririya, ba irin ta ɗazu ba. Ya nufi ƙofa, jama'a suka dare masa hanya fiye da yadda girmamawa ke buƙata, kowa na janye rigarsa kada ya goge shi. Tsakon na ta kuka a tsakanin yatsunsa, kafin ya kai mota ya sakar masa kashi a hannun farar rigar. Direba ya buɗe masa ƙofa ya ja da baya taku uku. Ba a kunna waƙar kamfe ba har motocin suka sha kwana.

Aling Pering ba ta raka shi ba, dama ba a raka baƙo a gidan makoki. Ta ɗauko tsumma, ta share ragowar tsakin da kashin daga kan gilashin, ta goge shi tas har fuskar Doroy ta fito sarai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ka bi shi a hankali," ta ce masa. "Ta titin kasuwa za su bi, ka lura da ƙafarka."

Sannan ta ce wa Marivic ta zubo mata abinci, yunwa take ji.